Pleco da Jisho: Yadda Suke Yi da Kalmomin Tafiya na Sinanci da Japananci

Kowane ƙamus zai iya gaya maka yadda ake kiran ruwa ko littafi da Sinanci ko Japananci. Inda ake gane ƙamus na ƙwarai shi ne wajen kalmomin motsi: tafiya, gudu, shiga, fita, hawa, sauka, komawa. A harsunan nan biyu ma'anar irin waɗannan kalmomi ba ta zama a cikin kalma guda. Rabinta yana jikin abin da aka liƙa mata a baya, ko a ƙaramar kalmar da ta gabace ta, ko kuma a wurin da mai magana yake tsaye. Da wannan ma'auni aka auna kayan aiki biyu da masu koyo suka fi dogara da su: manhajar Pleco ta Sinanci, da shafin Jisho.org na Japananci.

Pleco ta fi cika, kuma ko ba ka sayi komai a cikinta ba za ta kai ka nesa. Jisho kyauta ne ɗungurungum, yana da sauri, amma ya kan miƙa maka kalma ya bar ka da neman yadda za ka ɗaura ta a jimla. Dukansu biyun an gina su ne a kan kalma ɗaya-ɗaya, alhali motsi a waɗannan harsuna aikin taron kalmomi ne.

Michael Love ne ya kafa Pleco tun zamanin na'urorin hannu na Palm, a farkon shekarun 2000. Yau tana kan iPhone da Android, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Tana zuwa da ƙamusu biyu na kyauta: PLC, wanda yake da jimlolin misali da yawa, da CC-CEDICT, wanda jama'a suke tarawa kuma ya fi yawan sabbin kalmomi amma bayaninsa gajere ne. Sauran kayan, irin su ƙamusun ABC na John DeFrancis da karanta rubutu ta kyamara, saye ake yi sau ɗaya, ba biyan wata-wata ba. Jisho kuwa shafin intanet ne, ba shi da manhajar waya ta kansa. Kalmominsa daga taskar JMdict suke, wadda ta samo asali daga aikin da Jim Breen na Jami'ar Monash a Ostireliya ya fara a 1991. Babu Hausa a ko ɗaya cikinsu. Ta Turanci ake bi, sai dai a Pleco ana iya ƙara ƙamusun Faransanci da na Jamusanci kyauta.

Harafi ɗaya, tafiya biyu

Tarko na farko yana kama wanda yake koyon harsunan biyu, ko wanda ya san ɗaya ya leƙa ɗayan. Harafin 走 a Sinancin Mandarin ana karanta shi zǒu, ma'anarsa tafiya da ƙafa, ko tashi a bar wuri: 我走了, wǒ zǒu le, wato "na tafi". A Japananci 走る, hashiru, gudu ne, babu wata tafiya a ciki. Dalili kuwa tarihi ne. A tsohon Sinanci 走 gudu yake nufi, 行 ne tafiya. Japanawa sun ari harafin da tsohuwar ma'anarsa suka riƙe, su kuma masu Mandarin suka rage masa sauri, 跑, pǎo, ya karɓi aikin gudu. Wannan 跑 ba ya cikin haruffa 2,136 na amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta tsara a 2010, saboda haka da wuya ka gan shi a rubutun Japananci. Harshen Kanton ya tsaya a tsakiya: har yanzu 行, haang4, shi ne tafiya da ƙafa a can. Idan ka kunna Kantonanci a saitin Pleco za ka ga wannan da idonka.

Haka abin yake da 去. A Mandarin 去北京, qù Běijīng, zuwa Beijing ne. A Japananci 東京を去る, Tōkyō o saru, barin Tokyo ne. Harafi ɗaya, ɗaya ya nufi gari, ɗaya ya juya masa baya. Sannan 汽车, qìchē, mota ce a Sin, amma 汽車, kisha, jirgin ƙasa ne mai tururi a Japan. Ba Pleco ba Jisho, babu wanda zai yi maka gargaɗi, domin kowanne harshensa kaɗai ya sani. Jisho dai yana nuna karatun pinyin, wato furucin Mandarin a rubutun boko, a shafin kowane harafi, amma karatu kawai, ban da ma'anar Sinanci.

A kula kuma da siffa. 步 na Sinanci jan alƙalami 7 ne, 歩 na Japananci 8 ne, ɗigo ɗaya ya raba su, kuma a kwamfuta haruffa biyu ne daban. Wanda ya kwafi na Japan ya liƙa a Pleco ba zai samu jerin kalmomi irin su 跑步 da 散步 yadda ya kamata ba. Irin wannan bambanci yana tsakanin 归 da 帰, da 转 da 転, da 乘 da 乗. Akwai ma haruffan da Japanawa suka ƙirƙira da kansu, kamar 込 na shiga ciki da 峠 na mashigin dutse, waɗanda nemansu a ƙamusun Sinanci ɓata lokaci ne.

Zuwa nan da zuwa can

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne mai jin Hausa yake da sa'ar da mai Turanci ba shi da ita. Abin da wasalin -o yake yi a fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, shi ne 去 da 来 suke yi a Sinanci. 出去, chūqu, fita ne. 出来, chūlai, fito ne. 进去 shiga, 进来 shigo. 下去 sauka, 下来 sauko. 上去 hau, 上来 hawo. 回去 koma, 回来 komo. 过去 ƙetara, 过来 ƙetaro. Japananci yana yin haka da ていく da てくる: 持っていく, motte iku, kai ne, 持ってくる, motte kuru, kawo ne, 買ってくる, katte kuru, kuwa sayo ne sak. Fassarar Turancin da ke cikin ƙamusun biyu tana dagula wannan tsari mai sauƙi, domin tana ba kowace kalma fassarori uku ko huɗu da ba sa nuna cewa tagwaye ne. Ya fi kyau mai koyo ya rubuta nasa jadawalin da Hausa ya ajiye a gefe.

Sinanci yana jera abubuwa uku: yadda aka yi motsin, hanyar da ya bi, da inda ya fuskanta. 跑进来, pǎo jìnlai: gudu, shiga, zuwa nan, wato ya shigo a guje. 爬上去, pá shàngqu: ya hau can sama da jan jiki. Idan ka rubuta 跑进来 a Pleco ba za ka samu shigarwa guda ba, sai ta yanka maka shi gida biyu, 跑 da 进来. Wannan yankan daidai ne, kuma ya fi abin da ƙamusun takarda zai yi maka. Abin da ba ta faɗa shi ne inda sunan wuri yake zama. A daidaitaccen Mandarin wurin yana shiga tsakani ne, kafin 来 ko 去: 走进教室来, zǒu jìn jiàoshì lái, ya shigo aji. 回家去, huí jiā qù, ya koma gida. Wanda ya haddace 进来 a matsayin dunƙule zai ce 走进来教室, malamin jarrabawa kuma zai ja masa jan layi. Maganin yana shafin SENTS na shigarwar, inda jimlolin misali suke. Karanta goma a jere, tsarin zai fito da kansa, amma sai ka san abin da kake nema.

Sannan waɗannan kalmomin suna barin tafiya ta zahiri su koma wani aiki. 起来, qǐlai, asalinsa tashi tsaye, amma 笑起来 fara dariya ne, 看起来 "da alama" ne, 想起来 tunawa da abin da aka manta ne. 想出来 kuwa ƙirƙiro dabarar da babu ita a da ne. Masu koyo suna yawan musanya waɗannan biyun. 说下去 ci gaba da magana, 停下来 tsayawa, 昏过去 suma, 醒过来 farfaɗowa. A nan PLC ya yi wa CC-CEDICT fintinkau, domin yana raba ma'anonin da lamba, kowacce da misalinta, shi kuwa CC-CEDICT jera fassarori kawai yake yi. Shawara ita ce a shiga wurin sarrafa ƙamusu a sa PLC a sama. Kuma a lura 起来 ba shi da tagwai: daidaitaccen Mandarin ba ya amfani da 起去.

Dabarar bincike da ta fi amfani a Pleco ita ce alamar @, wadda take tsayawa a madadin harafi ɗaya, da $ mai tsayawa a madadin 'yan haruffa. Rubuta @出来 ka ga aikatau da suke ɗaukar 出来. Rubuta @不动 ka samu irin su 走不动, zǒu bu dòng, kasa tafiya saboda gajiya. Wannan 不 da ke tsakiya yana nuna rashin iyawa, 得 kuma iyawa: 进不去 ba ya shiguwa, 回得来 zai iya dawowa. Ƙamus ba zai lissafa su duka ba, tunda kusan kowane aikatau yana iya ɗaukar tsarin.

Akwai kuma aikatau masu rabuwa. 跑步 gudun motsa jiki, 散步 yawon shan iska, 走路 tafiya a ƙasa, 游泳 iyo, 跳舞 rawa: kowanne aikatau ne da karɓau a haɗe, kuma ana cusa abu a tsakiyarsu. Gudun rabin awa shi ne 跑了半个小时步, ba 跑步了半个小时 ba. Ƙamusun ABC yana sa musu alamar V.O., wato aikatau da karɓau, wasu ƙamusun suna tsaga pinyin ɗin da //, shi kuwa CC-CEDICT ba ya nuna ajin kalma kwata-kwata. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai daɗe yana wannan kuskure bai sani ba. In akwai abu ɗaya da ya cancanci a fara saye a Pleco saboda kalmomin motsi, ABC ne.

Karin sauti ma yana da nasa rikicin. Pleco tana rina kowane harafi da launin karinsa: ja na farko, kore na biyu, shuɗi na uku, shunayya na huɗu, toka na mara nauyi. Wannan yana taimako sosai ga haruffa masu karatu biyu. 倒车 da kari na uku, dǎochē, canja mota ne a tsakiyar tafiya. Da kari na huɗu, dàochē, tuƙa mota baya-baya ne. 转 da na uku, zhuǎn, karya kwana ne, da na huɗu, zhuàn, juyawa kamar taya. Amma karin asali ake rubutawa, ba wanda baki yake furtawa ba. Idan kari na uku biyu suka haɗu na farkon yana komawa na biyu, saboda haka 走远 da 起跑 ana jin su zóu yuǎn da qípǎo duk da launin da ke allo. A saurari muryar kalmar gaba ɗaya, kada a saurari harafi-harafi.

Abin hawa ba shi da wuya. Sinanci yana raba uku: 坐, zuò, ga abin da ake zama a cikinsa, 骑, qí, ga abin da ake ɗarewa kamar doki, keke da babur, 开, kāi, ga wanda yake tuƙi. Japananci yana tattara na farko da na biyu a 乗る, noru.

Jisho da aikatau na Japananci

Akwatin binciken Jisho yana karɓar kanji (haruffan da Japanawa suka aro daga Sin), kana (haruffan gaɓa na Japananci), rubutun boko da Turanci, kuma a nan matsala ta farko take. Kalmar Turancin da za ta iya karantuwa da Japananci ya kan ɗauke ta a matsayin Japananci. Go zai zama ご, run zai zama るん, ride zai zama りで, kuma duk kalmomin motsi ne da mai koyo zai fara nema. A sa kalmar cikin alamar zance, "go", sai ya gane Turanci ake nufi.

Ƙarfinsa na gaske shi ne warware aikatau. Liƙa 走らなかった ya mayar da kai 走る ya gaya maka sigar korewa ce ta abin da ya wuce. Kowane aikatau yana da maɓallin da ke buɗe jadawalin sauye-sauyensa, kuma yana rubuta rukuninsa. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a nan, domin manyan kalmomin motsi sun cika yaudara. 走る, 帰る, 入る, 滑る da 参る duk sun ƙare da -iru ko -eru kamar 'yan rukunin ichidan masu jefar da -ru kawai, amma 'yan godan ne masu sauya gaɓar ƙarshe: hashirimasu ake cewa ba hashimasu ba, kaette ba kaete ba. 行く yana ba da itte, ba iite ba. 来る kuwa yana canja wasali ba tare da harafin ya canja ba: kuru, kimasu, konai. Jisho bai yi kuskure a waɗannan ba. Inda yake tuntuɓe shi ne 行った, wanda zai iya zama itta, ya tafi, ko okonatta, ya gudanar. Kai ne za ka duba abin da ya gabata: 会議に行った ya je taro, 会議を行った ya gudanar da taro.

Yana kuma nuna ko aikatau so-karɓau ne ko ƙi-karɓau, abin da ake buƙata domin tagwaye irin su 動く da 動かす, 出る da 出す, 入る da 入れる, 上がる da 上げる, 渡る da 渡す, 降りる da 降ろす. Na farko abu ne yake motsi da kansa, na biyu wani ne yake motsa shi. Sai dai shigarwar ɗaya ba kullum take nuna maka abokin tagwaitakarta ba. Hanya mafi sauri ita ce a rubuta harafin da #kanji, misali 動 #kanji, a duba karatun kun, wato karatun asalin Japananci, da ke jere a wurin.

Amma wannan alamar ta ƙi-karɓau tana iya ɓatar da mutum. Mai koyo ya san を alamar karɓau ce, ya ga an rubuta 歩く, aruku, tafiya da ƙafa, ƙi-karɓau ne, sai ya ɗauka ba sa haɗuwa. Suna haɗuwa kullum, domin da aikatau na motsi を tana nuna hanyar da aka ratsa ko wurin da aka bari: 公園を歩く tafiya cikin lambu, 橋を渡る ƙetare gada, 空を飛ぶ tashi a sararin sama, 家を出る fita daga gida, 電車を降りる sauka daga jirgin ƙasa. Shiga jirgin kuma 電車に乗る ne, da に. Jisho ba ya rubuta wace ƙaramar kalma kowane aikatau yake ɗauka, kuma wannan shi ne babban giɓinsa. Haka nan ba zai gaya maka cewa 駅に歩く ba ta zauna daidai a kunnen Bajapane ba. Aikatau masu nuna yanayin tafiya, irin su 歩く da 走る da 泳ぐ, ba sa kai mutum ga manufa su kaɗai. Ko dai ka ce 駅まで歩く, tafiya har tasha, ko ka ƙara 行く: 駅に歩いて行く. Sinanci ba ruwansa da wannan, 走到车站 ta wadatar.

Dole mutum ya koma ga jimlolin misali da #sentences, kuma a nan sai an yi hattara. Da yawa daga cikinsu daga taskar jimloli ta Tatoeba suke, waɗanda asalinsu tarin jimloli ne da ɗaliban Farfesa Yasuhito Tanaka na Jami'ar Hyogo suka haɗa. An gyara da yawa, amma har yanzu akwai masu warin fassara. Idan tsari ya fito a jimla ɗaya tak, kada a gina komai a kansa.

Wani abu da jimlolin ba sa bayyanawa: in an kira ka a Sinanci za ka amsa da 来了, lái le, "ina zuwa". A Japananci 今行きます, ima ikimasu, za ka ce, da aikatau na tafiya can, domin kuru ba ya aiki ga motsin da yake nisanta daga inda kake tsaye. Haka 帰る, kaeru, komawa ce inda mutum yake da tushe, gida ko ƙasarsa, 戻る, modoru, kuwa komawa ce inda aka baro ɗazu, ko ofis ne ko kujera. Fassarar Turancin da Jisho yake ba su ta yi kama da juna.

Kalmomin hawa da sauka sun fi kowane rukuni cunkoso. Noboru ana rubuta shi 登る ga dutse da bishiya, 昇る ga rana da wata, 上る ga matakala da gangaren hanya. Oriru 降りる ne daga abin hawa, 下りる ne daga bene. Jiragen ƙasa ma suna da nasu: 上り, nobori, mai nufar babban birni, galibi Tokyo, 下り, kudari, mai barinsa, ko da hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Bayanin Jisho a kan waɗannan 'yar gajeriyar sanarwa ce da ke gefen ma'ana da ƙananan baƙaƙe, mai saurin karatu zai tsallake ta.

Alamar * tana ceton shafin wajen haɗaɗɗun aikatau. Rubuta *込む ka samu 駆け込む, faɗawa ciki a guje, da 飛び込む, da 乗り込む. Rubuta 乗り* ka samu 乗り換える canja jirgi, 乗り遅れる rasa jirgi, 乗り越す wuce tashar da za ka sauka. A kula da 出す a ƙarshe, domin 飛び出す fitowa ce ba zato, amma 走り出す fara gudu ne. Wanda yake son zurfi a wannan fanni ya nemi taskar haɗaɗɗun aikatau ta cibiyar binciken harshe ta ƙasar Japan, NINJAL, mai ɗauke da fiye da 2,700. Alamar #on-mim kuma tana fito da amsa-kama, waɗanda su ne gishirin bayanin tafiya a Japananci: のろのろ jan jiki kamar kunkuru, すたすた sauri ba waiwaye, とぼとぼ tafiyar wanda jikinsa ya mutu, よちよち tatata irin ta yaro, うろうろ kai-komo ba alƙibla, ぶらぶら yawo ba gaggawa. Jisho ya tara su da kyau.

Karin sauti kuwa babu shi sam. 帰る yana farawa sama ya faɗo, 変える na canjawa yana tafiya a miƙe, dukansu kaeru. Sai an je OJAD, shafin karin sauti na Jami'ar Tokyo.

Salon magana da karin magana

Pleco ta fi ƙarfi a nan, nesa ba kusa ba. Salon magana mai haruffa huɗu, chéngyǔ, shi ne inda tsohuwar ma'anar 走 ta ɓuya. 走马观花, zǒu mǎ guān huā, kallon furanni ne a kan doki mai sukuwa, wato duba abu sama-sama. Wanda ya karanta 走 da ma'anar yau zai ga doki yana tafiya a hankali, hoton ya lalace. Asalinsa baiti ne na Meng Jiao, mawaƙin zamanin daular Tang, da ya yi cikin murnar cin jarrabawar shiga aikin hukuma, daga baya ne ma'anar ta juya zuwa zargi. 不胫而走, bú jìng ér zǒu, gudu ba ƙafa, ana faɗinsa ga labarin da ya bazu nan da nan. 马不停蹄 tafiya ba hutawa. 寸步难行 kasa ko taku ɗaya. 南辕北辙 labarin mutumin da zai je ƙasar Chu a kudu amma ya fuskantar da kekensa arewa yana taƙama da ƙarfin dawakinsa. 邯郸学步 saurayin da ya je birnin Handan koyon salon tafiyar mutanen garin, bai iya ba, ya manta tasa, ya koma gida da rarrafe.

Ƙamusun kyauta suna ba da ma'ana ta zahiri da ta ɓoye, su tsaya. Labarin asali da misalan tsoffin littattafai suna cikin ƙamusun Sinanci zalla da ake saye, irin su Hanyu Da Cidian, kuma ba su da amfani ga wanda bai kai matakin karanta bayani da Sinanci ba. Kada ɗan koyo ya yi gaggawar sayensu. Abin da zai amfane shi yanzu shi ne @: wanda ya tuna doki da fure kawai ya rubuta @马@花, wanda yake son duk masu farawa da 走 ya rubuta 走@@@.

A Jisho alamar #yoji ce take tace masu haruffa huɗu. Wasu iri ɗaya ne da na Sin har a ma'ana: 東奔西走, tōhon seisō, kai-komo gabas da yamma, da 神出鬼没, shinshutsu kibotsu, bayyana da ɓacewa kamar aljani. Wasu an gajarta su. Maganar Mengzi, masanin falsafa na tsohuwar Sin, a kan sojan da ya gudu taku hamsin yana yi wa wanda ya gudu taku ɗari dariya ita ce 五十步笑百步 a Sin, a Japan kuma 五十歩百歩, an cire dariyar, ma'anar ta zama "duk kanwar ja ce". Wasu kuma an fi jin su a Japan: 右往左往, uō saō, ruɗewa dama da hagu, 一進一退, isshin ittai, gaba ɗaya baya ɗaya, 猪突猛進, chototsu mōshin, kutsawa irin ta aladen daji.

Salon maganar Japananci na yau da kullum ya fi rataya a ƙafa. 足を運ぶ takawa da kai zuwa wuri, 足が出る kashe fiye da abin da aka ware, 足を引っ張る hana wani ci gaba, 二の足を踏む jinkiri saboda shakka, 道草を食う tsaye-tsaye a hanya kamar dokin da ya tsaya cin ciyawa. 足を洗う, wanke ƙafa, barin mummunar sana'a ne, abin da Sinanci yake faɗa da wanke hannu, 洗手不干. Neman waɗannan yana buƙatar dabara: rubuta 足を* da 足が* daban-daban, domin bambancin ƙaramar kalma ɗaya yana iya hana sakamako fitowa. Jisho ba ya kawo asalin magana, kuma ba kasafai yake faɗin wadda ta tsufa da wadda ake ji a titi ba.

Maganar girmamawa ta fi samun kulawa. Jisho yana sa alama a kan いらっしゃる cewa ta ɗaukaka wani ce, 参る da 伺う kuma na ƙanƙan da kai. A tuna dai いらっしゃる ɗaya tana nufin tafiya, zuwa da kasancewa, mahallin magana ne yake rabewa.

Haddacewa da amfani a kan hanya

Katunan bita na Pleco suna ba ka damar ƙirƙirar kati naka. Yi amfani da wannan dama: maimakon ajiye 进来 shi kaɗai, ajiye 走进教室来 gaba ɗaya, ka rubuta ma'anar da Hausa. Jisho ba shi da katunan bita, sai a kwashe zuwa manhajar katunan bita ta Anki, kuma a nan ma a ajiye aikatau tare da ƙaramar kalmarsa, 橋を渡る ba 渡る ba. Wanda yake buƙatar ƙamusun Japananci ba intanet ya duba Takoboto a Android ko Shirabe Jisho a iPhone. Taskar JMdict ɗin dai suke amfani da ita, saboda haka giɓin ma'ana ɗaya ne.

Kyamarar Pleco tana karanta allunan hanya da na tasha da kyau idan haske ya wadata kuma rubutun na bugu ne. Don Sinanci aka yi ta. In ka nuna mata allon Japan za ta iya kama kanji ta ba ka karatu da ma'anar Sin, kuma wani lokaci hakan yana wucewa lafiya: 出口 da 入口 mafita da mashiga ne a ƙasashen biyu, ko da yake a Sin 出口 yana kuma nufin fitar da kaya waje, abin da Japan take kira 輸出. Wani lokaci kuma ba ya wucewa. 非常口 a Japan ƙofar gudun gaggawa ce, amma 非常 a Mandarin na yau galibi "ƙwarai" yake nufi, allon da ya yi daidai da shi a Sin kuwa 安全出口 ne. A Jisho, wanda ya ga harafi a allo bai san karatunsa ba zai zana shi da yatsa ko ya bi ta ginshiƙan harafi, wato ƙananan sassan da ake gina harafi da su. Zanen yana son a bi tsarin jan alƙalami da adadinsa daidai, in ba haka ba ya kawo wani harafi daban. Bin ginshiƙi ya fi tabbas, kuma ga kalmomin motsi guda huɗu ne za a fara dubawa: 辶 na 進 da 通 da 追, 足 na 跳 da 踏, 彳 na 往 da 徐, sai 走 na 起 da 越.